Mai tsoron jinin rago ba rago ba ne



Da zarar watan layya ya tsaya, sai gari ya canza kama. Kasuwannin bisashe su cika, teloli su kwana bisa keke, masu itace su tsawwala kuɗi, yara kuma su dinga kewaya ragon gidansu suna gwada ƙahonsa da na maƙwabta. Kowa yana ƙirga kwanaki da murna. Amma cikin gidajenmu akwai waɗansu mutane da ke ƙirga kwanakin nan da faɗuwar gaba. Suna da rago, suna da tufafin salla, lafiyarsu lau ga ido. Abin da ke damunsu shi ne ganin jini yana kayar da su. A kansu nake so mu yi magana yau, domin abin ya faru cikin gidanmu, na gani da idona.

Abin da ya faru gidanmu

Ƙanena yana da shekara 15 lokacin da mahaifinmu ya ce ya isa ya riƙe ƙafar rago. Ranar salla muka fita idi da ƙafa, ba mu ci kome ba, domin gidanmu ba a karya kumallo ranar layya sai da hantar rago. Muka komo rana ta take. Aka kayar da rago, yaro ya durƙusa ya riƙe ƙafafun baya. Da wuƙa ta wuce, jini ya zubo cikin rami, sai na ga zufa ta keto masa, leɓɓansa sun bushe. Ya miƙe zai ja da baya, sai ya faɗi, goshinsa ya bugi bakin turmi.

Kafin a ɗebo ruwa ya farfaɗo. Amma maganar da aka yi bisa kansa ba ta wuce ba. Wata tsohuwa ta ce iskoki ne suka taɓa shi, a kawo turare. Samarin unguwa suka yi ta dariya, suka laƙa masa suna. Mahaifinmu bai ce kome ba, ya dai kau da kai, kuma wannan shirun ya fi dariyar ciwo. Tun daga wannan shekara, duk salla sai ƙanena ya samo dalilin barin gida da sassafe. Yau aike, gobe gaisuwa ƙauye. Muka saba, muka daina tambaya.

Bayan shekaru ya yi aure, ya samu ɗa. Wata damina masassarar cizon sauro ta kama yaron, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, lokotoro ya ce sai an yi masa ƙarin jini, a nemo dangi su bayar. Uban yaro ya tsaya bakin ƙofar likita, ƙafarsa ta ƙi shiga. Wani maƙwabcinmu ne ya miƙa hannunsa, Allah ya saka masa da alheri, yaro kuma ya tashi. Daren nan ƙanena ya zauna gabana yana kuka, ya ce: “Yaya, wallahi ina son ɗana. Jikina ne ya ƙi.” A nan na gane cewa abin da muka mayar abin dariya ranar salla ciwo ne, kuma da mun kula da shi tun yana shekara 15, da bai kai ga wannan dare ba.

Tsoro iri biyu ne

Tsoro halitta ce, kuma rahama ce. Manomin da ba ya tsoron maciji ba ya daɗewa cikin gona. Matafiyin da ba ya tsoron gulbi lokacin da ya kawo ruwa, sai a nemi gawarsa. Wannan tsoro yana zuwa daidai da haɗarin, in haɗari ya wuce shi ma ya wuce.

Akwai kuma tsoro na biyu, wanda ya wuce kima. Mai shi ya san abin da yake tsoro ba zai cuce shi ba, amma jikinsa ba ya jin magana. Zuciya ta dinga bugawa, numfashi ya ɗauke, hannu ya yi rawa, ƙafa ta nemi gudu. Masanan lafiyar ƙwaƙwalwa suna kiran wannan fobiya. Suna gane shi da alamu uku: tsoron ya fi ƙarfin haɗarin nesa ba kusa ba, ya daɗe a jikin mutum wata 6 ko fiye, kuma yana hana shi wani abu na rayuwarsa, kamar aiki, ko zumunci, ko neman magani.

Wani zai ce wannan cutar nasara ce, kakanninmu ba su san ta ba. Sun san ta mana. Su ne suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsumma ba ya sara, mai gudun ma ya sani, amma jikinsa ya riƙe abin da ya same shi. Binciken da aka yi ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya cikin ƙasashe 22, aka bayyana shi a 2017, ya nuna cewa wajen mutum 7 cikin 100 suna gamuwa da irin wannan tsoro na wani abu takamaimai a rayuwarsu. Mata sun ninka maza, kuma yawanci abin yana somawa tun ana yara, wajen shekara 8. An same shi cikin ƙasashe masu arziki, an same shi cikin matalauta. Tsoron jini da allura da rauni kawai yana kama mutum 3 zuwa 4 cikin 100. Ke nan, garin da ke da mutum 1000, ba mamaki a samu 30 ko 40 masu wannan lalura, ko da ba wanda ya taɓa faɗi.

Me ya sa salla ke tona shi?

Sauran kwanakin shekara mai tsoro yana iya kaucewa. Mai tsoron jini ba ya bi ta rumfar mahauta. Mai tsoron doki yana sake hanya. Mai tsoron taro yana zuwa kasuwa da sassafe kafin ta cika. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar salla duk abin da mutum yake gudu shekara guda yana taruwa a wuni ɗaya, kuma gaban idon dangi.

Ku duba yadda muke layya a ƙasar nan. Kowace ƙofa da raminta na jini. A feɗe raguna, a baza su bisa itatuwa, a kafa su kewaye da wuta bakin hanya, su wuni suna gasuwa, sai washegari a yanka a rarraba. Mata suna cikin gida suna wanke kayan ciki. Fatu a shanye, kawuna a jere. Wanda jini ke kayarwa ba shi da inda zai sa idonsa, daga cikin gida har ƙarshen unguwa.

Ba jini kaɗai ba. Filin idi yana cika maƙil, wanda cunkoso ke toshe wa numfashi yana tsakiyar sahu, ba hanyar fita. A Damagaram, da Maradi, da Tibiri, in sarki ya hau, dawaki suna sukuwa, algaita da kakaki suna tashi, jama'a suna turereniya. Abin sha'awa ne ga mafi yawanmu, amma yaron da doki ya taɓa bankewa, ko wanda ƙara mai ƙarfi ke firgitawa, a gare shi wannan wuni azaba ne. Ga mai tsoron shiga mota, wanda dole ya tafi garinsu gaisuwar salla. Ga kuma wanda zama cikin baƙi ke sa shi rawar jiki, alhali yawon barka da salla gida-gida ake yi. Duk waɗannan suna nan cikinmu. Na fi tsayawa kan tsoron jini domin shi ne ya fi shafar layya, kuma shi ne ya fi taɓa lafiyar iyali.

Me ya sa ake suma?

Tsoron jini ya bambanta da sauran. A sauran tsoro zuciya tana sauri, jini yana hawa, mutum ya gudu. A tsoron jini, zuciya tana fara sauri, sai nan da nan ta sassauta, jijiyoyin jini su saki, ƙarfin bugun jini ya faɗi. Jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ya ragu. Mutum ya ji jiri, da tashin zuciya, da zufa mai sanyi, kunnuwa su yi ƙara, idanu su rufe, sai faɗuwa. Fiye da rabin masu wannan tsoro sun taɓa suma saboda shi. Kuma sau da yawa ana samunsa cikin dangi guda: in ka bincika, ka tarar uwa ko kawu ma haka yake.

Da mutum ya kwanta ƙasa, jini sai ya koma ƙwaƙwalwa, ya farfaɗo cikin ɗan lokaci. Shi ya sa ƙanena ya tashi kafin a kawo turare. Da an riga an kawo, da turaren ya ci yabon da bai yi aikinsa ba.

Yunwa da ƙishirwa da zafin rana da doguwar tsayuwa duk suna ƙara sauƙin suma. Salla tana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, a 2024 da 2025 layya ta faɗo cikin watan Yuni, lokacin da zafi bai gama sauka ba. Yaron da ya fita idi da ƙafa, bai ci ba, bai sha ba, ya komo ya durƙusa cikin rana gaban jini, an haɗa masa duk abin da ke kayar da mutum.

Wannan abu aikin jijiya ne. Jarumtaka ba ta hana shi, ragonci ba ya kawo shi. Akwai ƙarti masu noman gayya da ƴan kokowa da allura ke kayarwa, akwai kuma ƴan mata ƙanana da ke feɗe kaza ko a jikinsu.

Kuskure biyu da muke yi

Kuskure na farko shi ne tilas da ba'a. Uba ya ce: “Namiji ne, sai ya saba.” A riƙe yaro da ƙarfi, a juya kansa ya dubi yanka, ko a shafa masa jini a hannu ana dariya. Na san iyaye ba mugunta ke sa su haka ba. Suna so ɗansu ya zama magidanci mai iya yanka wa iyalinsa, kuma wannan buri ne mai kyau. Amma hanyar ba ta kai wa can. Yaron da aka riƙe da ƙarfi, abin da ya koya shi ne: ranar layya ba ni da mafita, kuma waɗanda na dogara gare su ba za su cece ni ba. Sai tsoro ya ninka, kunya ta hau kansa. Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya ta gida. Wannan yaro an haɗa masa biyun cikin gidan ubansa.

Mata ma suna shan nasu. Amarya ta yi sallarta ta farko gidan miji, a tura mata ƙwaryar kayan ciki ta wanke. Kanta ya juya, ta koma ɗaki ta kwanta. Kafin la'asar magana ta kewaye gida: mai son jiki ce, mai girman kai ce, gidansu ba a koya mata aiki ba. Ƙaramin abu kamar wannan yana iya ɓata tsakanin mace da uwar mijinta shekara da shekaru, alhali da an ba ta daka ko tuwo ko suya, da ta yi fiye da kowa.

Kuskure na biyu shi ne wanda mu muka yi: a bar mutum ya dinga gudu, kowa ya yi shiru. Wannan yana kama da tausayi, amma shi ke ciyar da ciwon. Duk ranar da mai tsoro ya kauce, yana jin sanyi a ransa, jikinsa kuma ya ƙara gaskata cewa gudun ne ya tsirar da shi. Baɗi tsoron ya fi na bana. Kamar ciyawa ce da aka ƙi nomewa tun tana ƙarama.

Abin da ke hasara ya wuce nama

Da a ce abin ya tsaya ga layya, da sai mu ce wuni biyu ne cikin shekara, a yi haƙuri. Amma mai tsoron jini yawanci yana tsoron allura, kuma yau kiwon lafiya da yawa ta bakin allura yake bi. Gwajin masassarar cizon sauro, sai an soki yatsa. Awon ciki, sai an ɗebi jini an yi allura. Gwajin amosanin jini kafin aure, sai an ɗebi jini. Rigakafin ƙyanda da na sanƙarau, allura ne. Manyanmu ba su manta da annobar sanƙarau ta 1995 ba, kuma tun 2010 aka kawo sabuwar allurar rigakafinsa a Nijar. Allura ba ta amfanin wanda ya ɓuya bayan rumbu ranar da masu rigakafi suka zo gari.

Mai ciki da ke tsoron allura tana ƙin zuwa awo, ta ce ba ta da lokaci. Uwa mai wannan tsoro tana jinkirta kai jaririnta rigakafi, domin ita ce ba ta iya kallo. Manomin da hauya ta sare shi, ko wuƙa ta yanke shi wurin fiɗa, yana ɗaure ciwon da tsumma ya ƙi zuwa likita, alhali ciwon tetanos, mai sandarar da jiki ya ɗaure haƙora, ta irin wannan rauni yake shiga. Ba wanda zai ce maka tsoro ne ya hana shi. Zai ce nisa, zai ce kuɗi, zai ce aikin gona. Saboda haka nake ganin ranar layya dama ce gare mu. Yaron da ya faɗi gaban rago ya nuna muna abin da ke jikinsa tun da wuri, sauran aiki namu ne.

Yana da magani

A 1924 wata masaniya a Amurka, Mary Cover Jones, ta yi aiki da wani yaro ɗan wajen shekara 3 mai tsananin tsoron zomo. Ba ta jefa masa zomo a jiki ba. Ta bari yana cin abincin da yake so, aka ajiye zomo cikin keji can nesa. Kowace rana a matso da shi kaɗan. A ƙarshe yaro ya riƙa shafa zomon da hannunsa. Daga baya wani lokotoro ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, ya tsara wannan hanya ta sabo mataki-mataki, ya bayyana ta a 1958. Har yau ita ce ginshiƙin maganin irin wannan tsoro, kuma mafi yawan waɗanda suka bi ta suna samun sauƙi.

Mu manoma ba baƙin wannan hanya ba ne. Wa ya taɓa ɗaura wa ɗan maraƙi garma rana ɗaya? Ana fara sa masa igiya, ya saba. A ɗora masa karkiya, ya saba. Ya ja icce, sannan ya ja garma. Wanda ya yi gaggawa, sai ya samu sa mai harbi da gudu. Haƙurin da muke yi da dabba, ƴaƴanmu sun fi cancanta da shi.

Bambancin wannan da tilas shi ne yarda. Mai tsoro shi ke zaɓar matakin da zai taka, ya san yana iya cewa a dakata, kuma ba a wuce mataki sai ya zauna cikinsa har tsoron ya sauka da kansa. Ga misalin yadda za a yi, a soma watanni kafin salla:

1. Ya tsaya nesa da teburin mai nama ranar kasuwa, ya duba, har zuciyarsa ta kwanta.
2. Ya matso kusa, ya sayi nama, ya ɗauko da hannunsa.
3. Ya yanka ɗanyen nama cikin gida, ya wanke shi.
4. Ya kalli yankan kaza daga nesa, yana zaune.
5. Ya matso kusa, sannan wata rana ya riƙe kazar.
6. Ya halarci yankan akuya ko ragon suna, daga nesa, sannan daga kusa.
7. Ranar layya ya tsaya inda ya ga zai iya, tare da mutum guda da ya yarda da shi.

Kowane mataki a maimaita shi sau da yawa. In wani ya yi nauyi, a koma na bayansa, ba abin kunya ba ne. Sannu ba ta hana zuwa.

Dabarar hana suma

Tun da tsoron jini yana kayar da mutum ta hanyar faɗuwar bugun jini, akwai dabara ta musamman da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya fito da ita tare da abokin aikinsa a 1987. Ba ta bukatar ko dala. Mutum ya zauna, ya ɗaure naman hannuwansa da ƙafafunsa da ƙirjinsa da ƙarfi, kamar mai shirin ɗaga buhun hatsi, yana numfashi yadda ya saba. Ya riƙe haka yana ƙirga 10 zuwa 15, har ya ji ɗumi ya hau fuskarsa. Sai ya sassauta, ya ƙirga 20 zuwa 30. Ya maimaita sau 5. Ɗaure jiki yana tura jini sama, ya hana shi taruwa a ƙafafu.

A koyi wannan cikin kwanciyar hankali, sau da yawa a wuni, har mako guda ko fiye, kafin a fara matakan da muka lissafa. Daga nan, da mutum ya ji alamar jiri ko zufa, sai ya ɗaure jikinsa nan take. In allura za a yi masa, ya saki hannun da za a soka, ya ɗaure sauran jiki. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi lokotoro kafin ya soma. Kuma duk mai wannan tsoro, in ya je likita, ya faɗa tun da fari: “Ni allura tana kayar da ni.” Sai a kwantar da shi kafin a yi masa. Ma'aikatan lafiya sun saba ganin haka.

In wani ya faɗi ranar salla

A kwantar da shi rigingine cikin inuwa, a ɗaga ƙafafunsa bisa kujera ko buhu. A sassauta masa wuyan riga da rawani. Jama'a su ja da baya ya samu iska. Kada a zuba masa ruwa ko wani abu a baki yana sume, domin yana iya shaƙewa. Kada a tashe shi zaune da gaggawa. In ya farfaɗo, ya huta, sannan a ba shi ruwa da abinci. A duba ko ya ji rauni wurin faɗuwa.

Amma ba kowace faɗuwa ce ta tsoro ba. A gaggauta kai mutum likita in bai farfaɗo cikin minti 1 ko 2 ba, ko jikinsa ya daɗe yana fizga, ko ya ciji harshensa, ko ya tashi bai san inda yake ba, ko yana kukan ciwon ƙirji, ko kansa ya bugu da ƙarfi. Haka nan in tsoho ne, ko mai ciki, ko mai ciwon sukari. Farfaɗiya da ciwon zuciya suna da nasu magani daban, jinkiri kuma yana da haɗari.

Addini bai ƙuntata ba

Wani magidanci yana ɓoye tsoronsa domin yana zaton layyarsa ba ta cika in ba shi ya yanka ba. Malamanmu sun bayyana cewa abin so ne mutum ya yanka da hannunsa, amma in ya wakilta wani Musulmi ya yanka masa, layyarsa ta yi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a hajjinsa na ban kwana ya soke raƙuma 63 da hannunsa, ya ba Sayyadina Aliyu ya soke sauran. A garuruwanmu ma, gidaje nawa ne liman ko mahauci ke yanka musu, ba wanda ya ce kome? Mai shakka ya tambayi malamin unguwarsu.

Addinin da ya hore mu da mu wasa wuƙa, mu tausaya wa dabbar da za mu yanka, ba zai yarda mu wulaƙanta ɗan Adam da ke tsaye gefenta ba. Addu'a kuwa muna yin ta kullum, kuma ba ta hana neman magani. Abin da nake ƙi shi ne a ce iskoki ne, a kwashe jikkuna a kai wa boka, a bar yaro da tsoro biyu: na jini da na aljanu.

Kira ga kowa

Iyaye maza, aikin layya yana da yawa. Akwai saran itace, da haƙa rami, da feƙe itatuwan gashi, da kula da wuta, da kai nama gidajen dangi. Ku ba yaro abin da zai iya bana, ku yabe shi a kai, sannan bayan salla ku soma matakan nan tare da shi. In kun san yaro yana da saurin suma, ku ba shi ruwa da ɗan abin taɓawa kafin yanka, ku zaunar da shi cikin inuwa.

Iyaye mata da uwayen miji, ku tambayi amarya abin da ke damunta kafin ku yanke mata hukunci. Samari, sunan da kuka laƙa wa abokinku don dariyar wuni ɗaya, shi zai ɗauke shi shekara 20. Malaman yaƙi da jahilci da malaman lakwal, ku karanta wa ɗalibanku wannan magana, ku gwada musu dabarar ɗaure jiki cikin aji. Wanda kuma tsoronsa ya fi ƙarfin taimakon gida, ko ya hana shi barci da fita, ya je likita ya faɗi damuwarsa, a nuna masa inda masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa suke. Zuwa wurinsu ba ya nufin hauka.

Shawarar nan ta yi daidai da mai tsoron doki, da mai tsoron taro, da mai tsoron mota. Mai tsoron cunkoso ya tsaya sahun gefe a filin idi. Yaro mai tsoron dawaki ya kalli hawa daga nesa, hannunsa cikin na babansa, bayan salla a kai shi ya ga doki ɗaure a turke, wata rana ya miƙa masa harawa. Su dabarar ɗaure jiki ba tasu ba ce, tun da ba suma suke yi ba. Abin da ke taimakonsu shi ne numfashi a hankali da tsayawa har tsoron ya sauka.

Ƙanena ya bi matakan nan yana da ƴaƴa uku. Ya ɗauki kusan shekara guda. Har yau ba shi ke yanka ragonsa ba, liman ke yanka masa. Amma yana tsayawa ya riƙe ƙafa, ɗansa na gefensa, kuma ya je an ɗebi jininsa an gwada, yana kwance, bai suma ba. Ranar da ya komo daga likita ya nuna mini ɗan audugan da ke hannunsa kamar wanda ya ciyo takobin kokowa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya karɓi layyarmu, ya maimaita muna. Amin.